Gaisuwa da Waya a Kunne

Tuwon ya huce, miyar ta daskare, Najib kuwa yana nan bakin ƙofa yana ta "Yes, oga! Yanzu zan turo, oga!"

Malamin gona ne a Batsari, kuma tun da taki ya yi tsada wayarsa ba ta huta ba. Manoman Darini su kira, oga ya turo saƙo, gurup ɗin WhatsApp ya ɗauki zafi. Zulaihat tana son mijinta, amma fa ta gaji da auren ƙeya, kullum ya ba ta baya yana waya!

Rannan mahaifinta, Malam Mani, ya taso takanas daga Babban Duhu duk da halin da hanya ke ciki. Maimakon Najib ya cire takalmi ya durƙusa, sai ya ɗan rusuna da waya a kunne.

"Sannu da zuwa Baba... a'a oga, ba da kai nake ba!"

Tsohon ya miƙe a fusace. "Zulai, ɗauko mayafinki. Ban ba da 'yata ga wanda bai san suruki ba."

Ta zube tana kuka. "Baba, don Allah ka yi haƙuri! Ba raini ba ne, aiki ne ya cinye shi. Ka ba mu zuwa kaka."

Da ƙyar ya yarda.

Ba a jima ba aka katse sabis a yankin saboda 'yan bindiga. Najib ya dawo daga ofis ya zauna tsakar gida tsuru, hannu ba abin latsawa. Sai 'yarsu Sadiqa ta taho dagwai-dagwai ta dafa gwiwarsa.

"Baba, ka gama waya? Zo ka ga akuyata ta haihu."

Najib ya saki baki. Ya kalli yarinyar kamar yau aka haife ta.

"Ikon Allah! Zulai, yaushe ta iya magana haka?"

"Tun farkon damina," in ji ta, tana murmushi da hawaye. "Kullum sai ta yi maka, kai ne dai ba ka ji."

Washegari ya kama hanyar Babban Duhu, ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa har ƙasa, tsohon ya sa musu albarka.

Haƙurin Zulaihat ne ya tsare auren nan. Aiki dai ba ya ƙarewa, amma ƙuruciyar ɗanka in ta wuce ka, babu wayar da za ta kira maka ita.