Motar Yaya Fadil

A garejin unguwar Sofoline Hikima ta fara ganin Shakiru, ranar da aka jawo motar marigayi yayanta Fadil da igiya. Injin rotari gare ta, mai juyawa babu fistin, kuma duk makanikan layin sun ce a kai kasuwa. Shakiru kaɗai ya ce zai gwada, yana magana yana satar kallonta.

Gyara ya yi gyara, hira ta yi hira. Kafin a haɗa injin, har ya fara kiranta Tauraruwata.

Mahaifinta Malam Umoru bai so ta auri Shakiru ba. Rashid yake so ta aura, almajirinsa mai karantarwa a makarantarsa ta Ayigya Zango. Amma ya ce a gama motar tukuna.

Shakiru ya ɗora inji a ƙofar gidan Malam da yamma, ya roƙa kada kowa ya taɓa makulli sai ya dawo da safe. Washegari unguwa ta taru. Ya murɗa, injin ya yi ta gurnani, ya ƙi tashi. Batir lafiya, wuta na zuwa. Da ya zaro fulogi sai ya same su sharkaf da fetur. Irin wannan injin, in aka tayar da shi da sanyi aka kashe nan take, mai ne ke shaƙe shi.

Shakiru akwai saurin fushi. Nan a bainar jama'a ya ɗora wa Rashid laifin, wai kishi ya sa ya taɓa makullin, Malam kuwa ya ce Shakiru ya kwashe kayansa ya tafi.

Hikima ta rubuta masa: "Ka kunyata mutumin da bai yi maka komai ba. Ban san ka da haka ba."

Ya amsa: "Tauraruwata, I beg, ki yafe. Na je na ba Rashid haƙuri. Bakina ya cuce ni."

Ba ta amsa ba, ko da yake kullum sai ta sake karantawa tana kuka.

Wata safiya ta tarar da mahaifinta zaune cikin motar, ya dafa sitiyari. Ya ce mata shi ne ya taɓa makullin. Ran nan bayan asuba ya murɗa shi, injin ya tashi da ƙarar da Fadil ke shigowa da ita layin, zuciyarsa ta kasa ɗauka, ya kashe. Kunya ce ta hana shi magana, har aka ɓata yara biyu a gabansa.

Shi da kansa ya aika aka kira Shakiru. Ya zo kai a sunkuye, ya busar da fulogi, ya ɗiga baƙin mai a ramukansu, ya taka totur har ƙasa ya murɗa. Injin ya yi tari, ya tashi, hayaƙi ya turnuƙe layin.

"Baba, yanzu ba a kashewa sai ya yi zafi," in ji Shakiru a hankali. "Za ka iya?"

Malam ya zauna ya saurara har ƙarshe, hawaye na bin gemunsa, Hikima na riƙe da ƙofar motar.

"Na zalunce ka, ɗana," ya ce. "Ka turo manyanka ranar Juma'a."

Rashid ne ya yi addu'ar ɗaurin auren, ya roƙa musu zuri'a ta gari, ya roƙa wa Fadil rahama. Amin ɗin Malam ta fi ta kowa ƙarfi.