Izini Ga Kowa Da Kowa

Gab da magariba Auta ta shiga shagon gyaran kwamfuta na yayanta don ta ɗauki laftof ɗinta. Yaya ba ya nan. Ya bar mata mabuɗi da warin dalma.

Kwana uku ke nan da ya goge mata tsohon tsari ya sa sabo, wai na kyauta ne, kowa na iya buɗe cikinsa ya gyara. Ranar farko intanet ya ƙi. Rana ta biyu allo ya dushe. Yau makirfo ne ya kurumce, ga shi ƙarfe takwas na dare gidan rediyo zai rufe karɓar muryoyin masu neman shiga wasan kwaikwayo. Ita kuwa Auta, in ta ji muryar mutum sau ɗaya, ta zama tata.

Ta kira shi a waya.

"Yaya, ka kashe min kwamfuta ka tafi yawo!"

"Matsalar izini ce kawai, Auta. Ki jira ni. Kar ki kuskura ki ba kowa da kowa izini."

Ta katse, ta toshe hanci, ta maimaita da muryarsa sak: "Kar ki kuskuraaa." Ta ja dogon tsaki. "Farfesan banza."

A wayarta ta lalubo wani umarni da aka ce yana buɗe komai ga kowa. Ta kwafe shi a baƙar tagar da ake rubuta umarni a laftof ɗin. Aka nemi kalmar sirri. Ta buga, ba harafin da ya fito. Haka tsarin yake, Yaya ya taɓa gaya mata, amma abin ya ƙara tunzura ta.

"Na ba kowa izini!" ta daka tsawa tana dukan maɓallin. "Mutum ko aljan, duk mai iya gyarawa ya shigo!"

Fankar laftof ɗin ta yi ɗif.

Koren layin makirfo ya motsa. Auta ta yi dariyar mugunta, ta fara ɗaukar muryoyin da take kwaikwayo: muryar Umma, ta mai shayi, ta Yaya. Sannan ta yi shiru.

Layin bai tsaya ba.

Yana hawa, yana sauka, kamar numfashi.

Warin dalma ya gushe. Ƙaurin gashi ya cika shagon.

"Waye?" ta faɗa can ƙasa.

Sifika ta amsa da muryar Umma: "Auta, ba kya gaida baƙi?"

"Ƙarya kake, munafuki! Fita min daga kwamfuta!"

Sai muryar Yaya, a hankali, daga bayan kunnenta: "Ke kika ce kowa."

Ta fisge cajar. Batir ya riƙe. Ta danne maɓallin kashewa. Wani sanyi ya kama mata maƙogwaro, kamar ana zare zare.

"Kina da muryoyi da yawa," in ji sifikar, yanzu da muryar Auta. "Guda ɗaya za mu ɗauka."

Allon ya mutu. Ta banke ƙofa ta fita da takalmi ɗaya.

Washegari Yaya ya janye izinin, makirfo ya dawo garau. Auta kuwa tun daren ba ta yi wa kowa magana ba. Da yamma gidan rediyo ya kira, Yaya ya ɗaga: an ɗauki Auta, wai saboda muryarta ta ainihi da ta turo. Ita kuwa ba ta tura komai ba.

Ta juya kan Yaya, ido jajur, ta buɗe baki za ta wanke shi tas.

"Duk kai ka ja min!"

Muryarsa ce ta fito. Ta sake gwadawa, ta Umma ta fito. Har yau tana neman tata.