Ɗan Haye a Gidan Gurmi

"Ki gaya mashi shi koma inda yaf fito."

Hamdiyya ta tsaya a bakin ƙofa da kwanon fura a hannu. Mahaifinta Ɗan'iya na jingine da bango, hannunsa na dama kwance bisa cinya kamar ba nasa ba.

"Baba, daga Tambuwal fa yake. Zuwanshi na ukku ke nan..."

"Ko daga ina yake. Na tambai shi wa ak ubangidanshi, yac ce mani waya. Waya ta koya mashi gurmi! Ni shekara goma sha biyu ina ɗaukar jikkar ubana kahin a bar ni in taɓa tsirkiya. Wanga ɓarawo na, Hamdiyya. Ya sace kiɗina, yanzu kuma ya zo neman ɗiyata."

Ta ajiye furar ta nufi zaure.

A duk ƙasar Kebbe, in ana maganar gurmin manoma, sunan Ɗan'iya na Fakku ake fara kira. Shekara uku ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye. 'Ya'yansa maza biyu ba wanda ya ɗauki sana'ar. Ɗaya na tuƙa babur a kudu, ɗaya ya ce shi ya fi ƙarfin roƙo. Hamdiyya kaɗai ta haddace waƙoƙin, ita kuwa mace ba ta taɓa gurmi a gidansu.

Ziyad, mai neman auren nata, na zaune a zaure, hularsa a gwiwa. Yana ganin fuskarta ya gane.

"Ya ƙi ko?"

"Ya ƙi."

"Hamdiyyata, gida an ce na zama maroƙi, nan an ce ban isa maroƙi ba. Ina zan sa kaina?"

Ba ƙarya ya yi ba. Mahaifinsa, Malam Na'Allah, tsohon ma'aikacin sakatariya ne, mai gona da shanu, kuma ba a taɓa makaɗi a zuriyarsu ba. Ziyad na aji biyar a sakandare ya ci karo da wani tsohon kiɗan Ɗan'iya a wayar abokinsa. Ya tura a tasa. Ya samu ƙwarya da fatar damo ya harhaɗa gurmi, wanda bai yi sauti ba sai a na huɗu. Shekara shida yana komawa bayan gona, ya saurara, ya gwada, ya mayar baya, har yatsunsa suka yi kanta. Ba mai ce masa ya yi daidai, ba mai ce masa ya kuskure. Da ya zo Fakku bara neman mai muryar, Hamdiyya ce ta amsa sallamarsa. Daga tambayar baitin da bai ji da kyau ba, hira ta koma wata aba.

"Ka zo da gurmin?" ta tambaya.

"Shina ɗaure bayan babur."

"Ɗauko ka kaɗa."

"Nan? Sai shi la'ance ni."

"Tun da kake zuwa baki kake kaɗa mashi. Bai taɓa jin hannunka ba. In korar ce, ai an riga an kore ka."

Ta koma cikin gida ta zauna kusa da turmi. Innarta Tambaya ta dube ta, ta dubi zaure, ta ci gaba da tsince wake.

Sautin ya taso a hankali. Waƙar masu huɗar gero ce, wadda ba a ji ta a gidan ba tun ranar da aka ɗauko Ɗan'iya daga gona ranga-ranga. Tambaya ta daina tsintar. Daga ɗaki ba motsi.

Kiɗan ya yi nisa, ya kai wani wuri da sautin ke sauka ya yi kamar zai mutu sannan ya farfaɗo. Sai muryar tsohon ta fito da ƙarfin da Hamdiyya ta manta yana da shi.

"Ba haka na ba! Hamdiyya, zo ki tashe ni."

Ta riƙe shi har zaure. Ziyad ya yi zumbur ya durƙusa.

"Maimaita wurin ga."

Ziyad ya maimaita.

"Ina kaj ji wanga?"

"Cikin wanda anka ɗauka a gayyar Dogon Daji, Baba. Nan ne wurin da na fi so. Wata huɗu na yi kafin in iya shi."

Ɗan'iya ya daɗe yana kallonsa. Sai kafaɗarsa ta fara girgiza. Hamdiyya ta ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, ko da yake da hawaye a ciki.

"Wata huɗu... Yaro, ranar nan tsirkiyata ta saki. Ruhwa asiri nai gaban mutane har in ɗaure ta. Kuskurena kaz zamna kak koya."

Ziyad ya sunkuyar da kai. Kunya ta rufe shi har Hamdiyya ta ji ta a jikinta.

"Ban da wanda zan tambaya, Baba," ya ce a hankali. "Abin da na ji shi na ɗauka."

Tsohon ya daina dariya.

"Matso."

Ya sa hannunsa na hagu, mai lafiyar, ya kama wuyan gurmin. "Ni in danna, kai ka kaɗa. Hamdiyya, ba mu waƙar."

"Ni, Baba?"

"Da wa? Ina jin ki kullum wurin daka."

Haka suka yi ta, mutum biyu a kan gurmi ɗaya, ita tana rera baitin da murya ƙasa-ƙasa. Sau bakwai yana tsayar da Ziyad. A na takwas bai tsayar da shi ba. Da suka kai ƙarshe ya saki wuyan gurmin ya share fuska da bakin riga.

"Hannunka na da nauyi. Kana gaggawa. Amma kunnenka..." Ya gyaɗa kai. "Turo magabatanka."

"Baba..."

"Aure na ba ka. Gurmi kam da saura. Ko wace Talata in gan ka nan."

Hamdiyya ta ruga cikin gida ta faɗa jikin innarta tana kuka.

A Tambuwal abin bai zo da sauƙi haka ba. Malam Na'Allah ya saurari ɗansa har ya gama, sannan ya ce, "Ban hana ka ba, tunda ba haramun ka ɗauko ba. Amma ƙahwata ba ta taka gidan makaɗa neman aure." Ƙanensa Jumare ya tura. Aka ɗaura aure bayan an yanke gero, ba tare da Malam Na'Allah ba.

A ranar, Hamdiyya ta ga yadda Ziyad yake ta duban hanya duk sanda ya ji ƙarar mota.

"Ka yi haƙuri, abin ƙaunata," ta ce da suka keɓe. "Ni na jawo maka."

"Ke kika ba ni uba na biyu. Na farkon kuma bai ɓace ba, fushi yake."

An ba su ɗaki a cikin gidan Malam Na'Allah. Kullum da safe Hamdiyya na durƙusawa ta gaida surukinta, shi kuma ya amsa da "lahiya" ɗaya tak, idonsa a kan rediyo. Ziyad bai taɓa kaɗa gurmi a gidan ba. Ran Talata yakan naɗe shi a buhu ya fita da shi ta ƙofar baya, ya dawo da la'asar a gajiye, wani lokaci da murna, sau da yawa da faɗan da aka yi masa. Da damina ta sauka aka fara kiransa gayya, har Kebbe da Dogon Daji. Inda ya sauka sai an tambayi wanda ya koya masa, yanzu kuma yana da amsa.

Wata Talata, wata takwas da bikin, Hamdiyya ta kai wa Malam Na'Allah abincin rana. Cikinta ya fito, durƙuso ya fara yi mata wuya. Ta yunƙura za ta tashi sai ya rage muryar rediyon.

"Ya tahi Fakku?"

"Ya tafi, Baba."

Ya buɗe kwanon, ya rufe. Bai dube ta ba.

"Ni ban san kan abin nan ba. Shi mahaihinki da yas sani... mi yac ce? Yaron ya iya?"

Hamdiyya ta koma ta durƙusa.

"Ya ce da saura, Baba."

"Da saura." Ya jinjina kai. "Shi a gabanshi yaka hwaɗin haka. In ba ya nan fa?"

"In ba ya nan... cewa yake bai taɓa ganin kunne irin nashi ba."

Malam Na'Allah ya ja kwanon gabansa, ya daɗe yana wanke hannu.

"In ya dawo ki ce shi bar bin ƙohwar baya," ya ce. "Gidan ubanshi na."