Shafuka Sittin da Uku

Ni dai na amsa laifina. Shekara biyu ke nan kwamfutata tana roƙon in sabunta ta, kullum ina ce mata gobe. Da burauzar wata yarinya, wato manhajar shiga intanet, ta iya neman izini haka, da ba ni da labarin da zan ba ku.

Ɗalibar jami'a ce, saura wata guda ta miƙa kundin bincikenta. Ta shigo shagon mai gyaran kwamfuta rungume da laftof kamar mai kai jariri asibiti. Burauzar ta sabunta kanta, sai nauyi, sai daskarewa, shafuka sun ƙanƙance har ba a ganin sunayensu.

Mai gyara ya ɗago kai daga tarin sukurori, ya ga idanunta, ya manta abin da yake kwancewa.

Shafuka sittin da uku ya tarar a buɗe. Ta ce ita ba ta adana komai a ko'ina. Yadda suke jere daga hagu zuwa dama, haka babobin kundinta suke. Ya ba da shawarar a rufe rabi. Ta ce gara a rufe shagon.

Kullum da yamma sai ta zo duba mara lafiya, ta zauna a kujerar da ƙafarta ɗaya ke rawa, tana gaya masa wane shafi ne na wane babi. Shi kuwa gyara ya ƙi ƙarewa.

Ya rubuta mata: “Sarauniyar shafuka, yau ma jikin da sauƙi, amma sai kin zo.”

Ta amsa: “Injiniyana, kwamfutar ce ke nemana ko mai ita na wucin gadi?”

Mahaifinta, tsohon malamin makaranta, ya ce wanda ya kwashe sati biyu a kan kwamfuta ɗaya ba zai iya riƙe gida ba. Ɗan ƙanwarsa, mai aikin ofis da ƙamshin turare, har ya kawo mata sabuwar laftof.

A ranar ne mai gyara, garin nuna bajinta, ya kashe kwamfutar ya kunna. Burauza ta tashi da shafi ɗaya tal, fari fat.

Ba ta yi faɗa ba. Jakarta ta ɗauka ta fita, ta daina amsa waya.

Kwana biyu ya kulle shago yana tonon tarihin burauzar, cikin dubban adireshi, yana tuno hirarsu. Wannan na babi na biyu ne, wancan ta ce marubucinsa mai surutu ne. Ya jera shafukan, ya kai kwamfutar gidansu da kansa.

A falo ta bi su ɗaya bayan ɗaya, mahaifinta na leƙe ta saman tabarau.

“Abba, ko ɗaya bai saɓa ba,” ta ce a hankali.

Tsohon ya juya ga mai gyara. “Shekara talatin ina koyarwa, ban samu mai saurare irinka ba. Turo manyanka, ɗana.”

Ta miƙa kundi a kan lokaci. Bayan wata huɗu aka ɗaura aure, iyaye suka sa albarka, aka yi musu addu'ar zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.

Akwai maɓalli a burauzar da ke dawo da duk shafukan da aka rufe a danna ɗaya. Amarya ta san da shi tun tana aji ɗaya a jami'a.