Kaka da Fararen Dolfin

A ƙauyenmu na bakin teku a Taiwan, akwai wata yarinya mai rawar kai. Kakarta ta makance. Kullum da yamma sai tsohuwar ta zauna bakin ruwa, ta yi tagumi.

"Kaka, wa kike jira?"

"Fararen dolfin, jikalle. Ina ƙarama, har gefen kwale-kwalen babana suke zuwa. Kewarsu ta dame ni. Ko sau ɗaya na sake jin kukansu, ya ishe ni."

To, dolfin ɗin nan, dabbobin teku masu kama da manyan kifaye, sun kusa ƙarewa. Wata mai bincike, Malama Tseng, ita ke ƙirga waɗanda suka rage. Takan zura makirfo cikin ruwa ta saurare su. Takan kuma tashi ɗan jirgi maras matuƙi ya ɗauko hotonsu daga sama.

Yarinyar ta yi ta naci har Malama ta yarda ta tafi da ita da Kaka a jirgin ruwanta.

"Amma fa a cikin jirgi, shiru ake yi," in ji Malama.

Mu a nan, babban baƙo da nokawut, abin wasan wutar nan mai fashewa, ake tarbarsa. Sai yarinyar ta ɓoye guda a aljihu. Wai ita mai karamci!

Suna tsakiyar ruwa, farin bayan dolfin ya ɓullo. Caraf yarinyar ta ƙyasta ashana ta kunna nokawut ɗin. Tas-tas-tas!

Malama ta fizge abin saurare daga kunne. "Wayyo! Ke, me kika yi?"

"Maraba nake musu."

"Maraba? Uwa ce da ɗanta! Dolfin da ji yake gane hanya. Kin firgita su, kin ɓata mini ƙirgar yau."

Kaka ta sunkuyar da kai. Ta miƙa hannu tana lalubar gefen jirgi. Wannan ya fi faɗan Malama yi wa yarinyar zafi.

Dolfin suka ƙi dawowa. Kaka ma ta daina zuwa bakin ruwa. Yarinyar ta rasa inda za ta sa kanta. Ta je ta durƙusa gaban Malama.

"Ki yafe mini. Ki tafi da Kaka, ko ban da ni."

"Har da ke. Amma juyo aljihunki tukuna."

Bayan makonni suka koma. Aka kashe inji. Ƙafar yarinyar ta yi tsami, amma ko motsi ba ta yi ba.

Can Malama ta sa wa Kaka abin saurare a kunne. Tsohuwar ta ƙame. Sai hawaye shar.

"Su ne! Jikalle, su ne! Ji wani ƙarami, surutunsa kamar naki."

Malama ta dubi hoton da ɗan jirgin ya aiko. "Biyar ne, har da jariri."

Yarinyar ta so ta yi ihu don murna. Ta toshe baki, ta rungume Kaka.

Daga ranar ta gane: in kana son abu, koyi abin da shi yake so, ba abin da kai ka saba ba.