Ɗakin da Tasalla Ta Wanke

Ku rufe min baki. Wanda ya yi dariya a zaure zai kwana. Wannan ba tatsuniya ba ce. Da idona na gani, kuma a kan ƙanwata Tasalla ya faru.

Lokacin kaka ne. Ruwa ya ɗauke, maza duk suna gona wajen yankan dawa. A garinmu mace mai hankali ba ta bari sanyi ya tarar da ɗakinta da dattin damina. A shanya tabarmi, a kakkaɓe yana, a zuba wa gadon kara tafasasshen ruwa saboda kuɗin cizo, a sake daɓe. Wadda ta yi ƙyuya, 'ya'yanta su sha tari har bazara.

Tasalla 'ya ɗaya gare ta, Uwani, mai shekara huɗu. Duk sanyi sai ƙirjin yarinyar ya riƙe, numfashinta kamar ana jan zarto. Sanyin da ya wuce har mun fid da rai. Ɗakin kwanansu kuwa bangonsa ya sha ruwa, ya yi baƙi da fumfuna. Sai Tasalla ta ce za ta gyara ɗakin ajiya da ke kan tudu kusa da rumbu, ta mai da yarinyar can. Tun ruwan farko ɗakin yake a rufe.

Ɗakin da ya yi damina a rufe yana da ƙa'ida. A buɗe ƙofa, a yi sallama sau uku, a ce, "Masu wuri, a kwashe yara, gobe akwai ruwan zafi." Sai a bar shi ya kwana a buɗe.

Na faɗa mata. Ta ce, "Yaya, ni zan nemi izinin ɓeraye a gidan mijina?"

Na ce, "Bakinki zai ja miki."

"Ya ja. Daren jiya ma yarinyar nan ta fara tari. Ba ni da kwanan jira."

Na ce ba da ni ba. Na ɗauki Uwani na zauna a gindin rumbu.

Tasalla ta share. Ta kwashe tarkace. A lungu akwai wani rami, bakinsa sumul. Ta ɗauko tukunya daga murhu ta juye a ciki. Ko bisimilla babu.

Wani abu ya yi ƙara. Siririyar ƙara, sau ɗaya.

Ta leƙo tana dariya. "Kin ji masu wurin naki."

Ta toshe ramin, ta zuba jar ƙasa, ta yayyafa ruwan makuba, ta wuni tana bugu da madaɓi. Kafin almuru daɓen ya kwanta, ɗanye shar. Ta sake ɗora ruwa don gado.

Sai kaji suka yi tsit.

Wata mata ce tsaye a tsakar gida. Ba mu ji sallama ba. Doguwa, da goyo, ta lulluɓe shi da baƙin zane. Ta wuce mu ta shiga ɗakin.

Tasalla ta daka mata tsawa. "Ke baiwar Allah! Makauniya ce ke? Ɗanyen daɓe ne!"

Na kalli ƙasa. Matar ta taka tun daga ƙofa har lungu. Babu sawu ko ɗaya.

"Wa ya zuba ruwa a nan?"

Bakinta ne ya motsa, amma daga cikin bango muryar ta fito.

Tasalla ta ce, "Ni ce. Ɗakina ne."

"Da kika rufe shi wata biyar, naki ne? An hana ki sallama?"

Ta kwance goyon. Ba zan faɗa muku kamar yaron ba. Bayansa dai ya saluɓe tun daga wuya.

Ta juyo ta kalli Uwani a cinyata. Nan take yarinyar ta sandare, numfashi ya tsaya mata a maƙogwaro. Na buɗe baki zan yi addu'a, harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa.

Matar ta ce, "Fata da fata. Miƙo ta."

"Ba ita ta zuba ba."

"Shi ma ba shi ya rufe ɗakin ba."

"Ki taɓa ta ki gani, la'ananniya!"

"Zagi ba ya mayar da fata."

Leɓɓan Uwani sun fara yin baƙi. Tasalla ta dube ta, ta dubi murhu. Tukunyar tana tafasa. Ta ɗauke ta da hannu biyu, ko tsumma babu.

"Fata kike so? Ga ta mai laifi."

Ta ce bisimilla, ta juye a ƙafarta ta dama.

Ba ta yi kuka ba. Ni ce na yi.

Matar ta daɗe tana kallon ƙafar. Sannan ta mai da goyonta, ta ɗaure. Da ta zo wucewa ta gabana sai ta tsaya, ta miƙa wani dogon yatsa ta taɓa ƙirjin Uwani. Yarinyar ta yi tari ɗaya mai ƙarfi, ta fashe da kuka.

"Riƙe ɗakinki," in ji muryar, yanzu daga ƙarƙashin ƙasa. "Ba ma zama da marasa ladabi."

Ta bi bayan rumbu. Babu hanya a can, katanga ce.

A ɗakin nan Uwani ta yi sanyin shekarar, ko atishawa ba ta yi ba. Tsabtar ɗakin ce ko yatsan matar, kada ku tambaye ni. Tasalla kuwa wata uku tana kwance, kuma har ta koma ga Allah da ɗingishi take zuwa rijiya.

Gobe za a buɗe ɗakin baya, jibi a wanke. Ba wadda za ta shiga ita kaɗai. Wadda kuma na ga ta ɗauki tukunya kafin in yi sallama, ba sai ta jira wata baƙuwa ba. Ni zan fara da ita.