Tsarin Bahaguwa

Ranar da ya fara aiki a shagon hoton babanta, ranar ya yi mata ɓarna.

Da hagu take aiki, har Bahaguwa kowa ke kiranta. Ta sha wahala kafin ta jera manhajar gyaran hoto yadda hannunta yake so. Akwatin launuka da na burushi duk ta kwaso su hagu, don kada hannu ya rufe mata hoto in tana zane a kan allo. Fita kawai ta yi ta dawo, ta tarar komai ya koma yadda kamfani ya kawo shi, ga wani dogo a kujerarta yana murmushi, wai shi a dole gwani.

"Na gyara miki, duk a hargitse yake."

"Ka gyara? Wa ya aike ka? Ko kujerarka ba ta ɗumama ba!"

Ta zazzaga masa masifa son ranta. Shi kuwa Dogo, mara kunya, idanunta ya tsaya kallo.

Da yamma saƙo ya shigo: "Na tuba, Gimbiya. Hannuna ne ya yi laifi, amma zuciyata ke shan horo."

Ta mayar masa: "To ta ci gaba da sha."

Tana turawa ta kama kanta tana dariya, haushi ya ƙara kama ta. Kafin wata ya zagayo, da ta ji "Gimbiya" sai ta waiwayo.

Da maganar aure ta taso, Baba ne ya ƙi.

"Mai karambanin da ya taɓa miki aiki bai tambaya ba? Haka zai juya miki rayuwa. Ga ɗan aminina nan, yaro mai natsuwa."

Ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Laifin rana ɗaya, a ce ba ya yafuwa?

Wata safiya Baba ya zauna a kwamfutar Dogo zai duba hoton wani kwastoma, sai ya daka tsawa.

"Wannan kuma wane ne ya birkita ta? Komai a hagu!"

Ta leƙa. Tsarinta ne sak, har ɗan akwatin da take maƙalewa a lungu.

Dogo ya sunkuyar da kai.

"Ni ne, Baba. Tun ranar nake aiki a haka. Na so in san wahalar da na ja mata, kuma in tata ta lalace ta zauna a tawa."

"Da hannun dama?"

"Yana dai ciwo, Baba."

Ta juya ga Dogo: "Shi ne ba ka taɓa gaya min ba? Wallahi ka cika ban haushi!"

Baba ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya ce, "Ka turo manyanka."

Ranar aure ya haɗa hannuwansu, nata na hagu da nasa na dama.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya. Kai kuma, ko labule za ka matsar a ɗakinta, ka fara tambaya."